Jaki da Amarya: littafin gwajin bakteriya a gonar gyaɗarmu ta Jazira

14 ga Afrilu, 2021

Azumi ya kama, zafi kuma ba a magana. Na buɗe wannan littafi don in riƙa ajiye kowane abu da ranarsa, saboda bara da na dogara da ƙwaƙwalwa sai da ni da Baba muka yi musu kan makon da gyaɗa ta fara mutuwa, kowa da nasa lissafi.

Ga abin da ya faru bara. Tsiro zai fito lafiya lau, ganye huɗu, ganye shida, sai wata safiya ka tarar ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. In ka tuge shi za ka ga wuyansa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya ruɓe, wani gari kamar baƙin tukunya ya lulluɓe wurin. Baba ya ce zafin ƙasa ne. Bai yi nisa da gaskiya ba, zafi na taimaka mata, amma mai aikin wata fumfuna ce, Aspergillus niger, da ke zuwa a jikin iri ko ta jira shi cikin ƙasa. Faddan biyar (faddan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya) muke nomawa kudu da Wad Madani a Sudan, kuma ba namu ba ne. Hawashar, wato gonar ban-ruwan, wani bawan Allah ce da Baba ke yi wa noman raba-daidai shekara da shekaru, kamar Hausawa da yawa na kambunan Jazira, wato unguwannin 'yan ƙodagon noma. Duk gibin da gona ta yi, rabinsa a tukunyarmu yake fitowa.

Akwai maganin iri a kasuwa, thiram da ire-irensa, kuma yana aiki. Sai dai tun da aka karya darajar fam a watan Fabrairu, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin hukuma, duk abin da ke shigowa daga waje sai an yi shawara kafin a taɓa shi.

A Oktoban bara na bi gonar ina neman gindin da ya tsaya lafiya alhali na kusa da shi duk sun mutu, ko akwai bakteriya a saiwarsa da ke kare shi. Na tuge su da ƙasar da ke manne a saiwa na kai wa wata malamata a Madani, wadda ta ba ni kusurwar tebur a ɗakin gwajinta. Ƙasar muka dama da ruwa muka raba biyu. Rabi muka ɗora a digiri 80 na minti goma: duk wata ƙwaya mai laushi ta mutu, sai bakteriya dangin Bacillus suka rage, don su in sun ji wuya sukan dunƙule cikin ƙwanso mai tauri su yi barci har sai sauƙi ya zo. Ɗaya rabin muka shimfiɗa a kan abincin King B, wanda aka haɗa tun 1954 don irin wannan aiki, muka kashe fitila muka haska da fitilar ultrabayolet. Dangin Pseudomonas suna ƙyalli kore-kore a cikin duhu. Tun lokacin ake kiwonsu a firji.

2 ga Mayu

An yi dambe a faranti. A tsakiya muka ɗora fumfunar, a gefe muka ja layin bakteriya, muka rufe kwana biyar. Yawancin farantan fumfuna ta mamaye su baƙi ƙirin, ta haye layin kamar babu shi. Amma a wasu ta zo ta ja birki, ta bar fili fes tsakaninta da layin, faɗin farce ko fiye. Wannan fili shi ake nema.

Bacillus na zubar da wasu sinadarai, iturin da fengycin da surfactin, masu huda fatar zaren fumfuna ta tsiyaye. Pseudomonas kuwa dabararta biyu. Tana da nata dafin, sannan ƙyallin nan nata ba ado ba ne, wani abu ne da take sakewa ya kame ƙarfen da ke cikin ƙasa ya kawo mata, fumfuna ta nema ta rasa.

Dakta, wato malamar tawa, ta sa na zubar da biyu daga cikin masu ƙyallin da na fi so. Ta saka su a digiri 42 sun ci gaba da girma, kuma wannan halin Pseudomonas aeruginosa ne, mai shiga gyambo da huhun marar lafiya. Na ce, "Dakta, ai su ne suka fi korar fumfunar." Ta ce, "Ɗana, hannun Innarka ne zai cuɗa irin nan, ba nawa ba." Ban ƙara magana ba. Duk wanda ya karanta wannan yake sha'awar gwadawa, kada ya tsallake wannan mataki.

Mun tsayar da biyu, ɗaya daga kowane gida. Da na kwatanta wa ƙanena halinsu ya raɗa musu suna: Bacillus shi ne Jaki, Pseudomonas ita ce Amarya. Sunan ya bi su, har Dakta haka take rubutawa a jikin kwalba.

24 ga Mayu

Yau ran nan bai yi daɗi ba.

Bayan Sallah muka haɗa garin, bisa tsarin da Jami'ar Noma ta Tamil Nadu da ke Coimbatore a Indiya ta daɗe tana koya wa manoma: kilo 1 na hodar talk da aka turara, giram 15 na alli don daidaita tsami, giram 10 na wani maɗauri, sai mililita 400 na romon da ƙwayoyin suka yi kwana biyu a ciki. A cuɗa, a shanya a inuwa, a ɗaure a leda. Na ɗauko ledojin na kawo kambo don su kasance kusa da gona. A nan na yi wauta. Ɗakinmu rufin kwano ne, da azahar ko mutum ba ya iya zama ciki, ni kuwa na jingine su a bango na tafi harkata kwana tara.

Jiya muka auna. Jaki yana nan daram, kamar ranar da aka haɗa shi. Amarya saura kaɗan a ce babu ita. Ba ta da ƙwanson ɓuya, zafi da bushewa kai tsaye suke cin ta. Na san wannan a takarda, na ma rubuta shi a jarrabawa. Dole a sake haɗa nata daga farko, ga shuka ta matso.

Inna ce ta kawo mafita. Ta ce abin da ba ya son zafi ai ba a ɗaki ake ajiye shi ba, gindin randa ake kai shi. Sai na tuna da tukunya cikin tukunya ta Malam Muhammad Bah Abba, malamin makarantar nan na Jigawa da ya samu kyautar Rolex a 2000: babbar tukunya, ƙarama a cikinta, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tsumma mai laima a sama. Ruwa na tashi yana tafiya da zafi. Dabarar ta zo Sudan ta zauna, musamman wajen Fashir, da sunan zir. Iskarmu ta nan busasshiya ce kafin damina, don haka tana aiki sosai. Mun kafa ɗaya a ƙarƙashin darbejiya.

16 ga Yuni

An yi shuka.

Iri na Baba ne, mai yaɗo, dangin Ashford da ake nomawa a ban-ruwa, mai ɗaukar kusan wata biyar, ba kamar Sodari da Barberton na jigawar Kurdufan da ke nuna da wuri ba. Na roƙi Inna da maƙwabtanta su ɓare da hannu. Inji na fasa jar rigar ƙwaya, kuma ta wannan tsaga fumfuna ke shiga. Sun yi kwana uku suna yi suna yi mini tsiya, na biya da sukari da ganyen shayi.

Kashi huɗu muka yi: iri tsirara, iri da thiram, iri da Jaki, iri da Amarya, giram 10 na gari ga kowane kilo. Kowane kashi sau huɗu, fili 16 ke nan, kowanne kunya shida, duka a faddan ɗaya na gefen gabas. Sauran faddan huɗun Baba ya ce ba za a yi masa wasa da su ba, ya sayi maganinsa. Wane fili ne na wa, ƙuri'a muka jefa a hular Baba. Ya tambayi dalili, na ce don kada in zaɓa wa Jaki wuri mai kyau ko da ban sani ba. Ya kira ni babban injiniya da Larabcin nan, ya ce, "Bashmuhandis, ashe ka san halinka."

Don garin ya kama jikin iri, ƙaro muka jiƙa. Abin da ƙasashen duniya ke saye daga kasuwar Ubayyid su zuba a lemon kwalba, mu ga shi a kasuwar Madani mudu-mudu. Kwaɓin farko na cika ruwa, rigar gyaɗar ta jiƙe ta saɓule tun ban zuba gari ba, Inna ta kwashe ta soya ta yi dakwa. Na biyu yayyafi kawai na yi, na juya a ƙwarya a hankali kamar mai yin dambu, na shanya a inuwa. Mai thiram kuwa na ware shi nesa da yara da kaji.

Abin da ya dame ni: a nan a busasshiyar kunya ake shuka sannan a saki ruwa. Mu ne a wutsiyar abu ishirin, magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa, sai na gabanmu sun sha. Iri ya kwana biyu cikin baƙar laka mai ƙuna kafin ruwa ya gangaro abu sitta, ƙaramar magudanar da ke shiga gona. Jaki ba ruwansa. Amarya kuwa Allah kaɗai ya san nawa suka kai.

7 ga Yuli

Kwana 21. Ni da ƙanena mun bi kunya-kunya da littafi, duk tsiron da ya langaɓe mu tuge mu duba wuya, don gara ma na kashewa kuma ba laifin fumfuna ba ne.

Filayen iri tsirara sun maimaita bara, ba ka yin taku da yawa ba ka ga gibi ba. Na thiram sun fi kowa cika. Na Jaki suna biye da su kusa-kusa, a fili biyu ma ba za ka bambance da ido ba sai ka duba tambarin da ke jikin turke. Na Amarya sun rabu: biyun da ke kusa da bakin ruwa sun yi kyau, biyun da ke nesa, inda ruwa ya isa a makare, da su da tsirara duk ɗaya.

Na kira Baba. "Baba, ku zo ku duba na Jaki, babu maganin kasuwa ko ɗigo a jikinsa." Ya zagaya hannu a baya, ya tuge gindi ɗaya ya shinshina saiwar. Ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

23 ga Yuli

Babbar Sallah ta wuce ranar 20, an ci agashe an huta, jiya aka koma maimai. Gyaɗa ta fara fure.

Tsorona shi ne kada baƙin nan su kori 'yan gida, wato bakteriyar da ke yin ƙululu a saiwa tana ɗebo wa gyaɗa takin iska. Na tono gindi uku a kowane fili na tsaga ƙululun da reza. Cikinsu ja-ja ne a ko'ina, alamar suna aiki. Hankalina ya kwanta.

Bayan ban-ruwan da ya wuce sabon ganye ya yi fari-fari, jijiya kore tsakani ɗorawa. Ƙasarmu mai kanwa ce, in ta jiƙe sharkaf gyaɗa ba ta iya ɗaukar ƙarfe. Na zaci a nan Amarya za ta nuna kanta, har na ga kamar filayenta sun fi duhu, na ɗauki hoto. Baba ya ce in bari ƙasa ta sha iska. Bayan kwana biyar gonar duka ta koma kore, har da ta tsirara. Na goge hoton.

19 ga Agusta

Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya kwana biyu a jere, a kan ban-ruwan da aka yi bai daɗe ba. Baƙar laka in ta ƙoshi ba ta ƙara sha. Kusurwar arewa ta zama tafki, filaye huɗu na jere ɗaya sun kwana uku a ruwa. Mun fasa musu hanya da fartanya amma sun riga sun yi ɗorawa. Wannan jere ya fita daga lissafi, saura 12.

5 ga Satumba

Ɗigon ganye ya shigo, kamar kullum in damina ta yi nisa. Iri biyu ne kuma ana gane su in an juya ganye. Na farkon, Cercospora arachidicola, ruwan ƙasa ne da zobe ɗorawa kewaye da shi. Na ƙarshen ya fi baƙi, kuma a bayan ganye yake tara ƙurarsa. Daga ƙasa suke farawa su hau, ganye ya zube. Mu nan asara biyu ce, don harawa kuɗi ce, wata shekara ma ita ke biyan bashin noma kafin a sayar da ƙwaya.

Na raba filayen Jaki biyu, rabi na fesa musu ruwan garin da yamma bayan la'asar sakaliya, don hasken rana na kashe su a kan ganye. Sau biyu ke nan, tsakani kwana 14. Gaskiya ban ga abin a zo a gani ba. Ana sayar da irin wannan feshi a ƙasashen waje, Serenade na kamfanin Bayer ma Bacillus ne, amma wancan an zaɓe shi ne don ganye. Nawa daga saiwa na ɗauko shi, a saiwa ya saba. Ba zan ƙara ɓata gari a kan wannan ba.

18 ga Satumba

Yau na ga abin da ban yi tsammani ba a ƙasa mai kanwa irin tamu. A ƙarshen kunya uku, reshe ya bushe tsaye. Da na ɗaga yaɗon, farin zare kamar auduga ya shimfiɗu a gindi har kan ƙasa, da wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa da ba su kai gero ba. Sclerotium rolfsii ce. Tana zubar da wani tsami mai narka fatar kara kafin ta shiga, kuma 'yan ƙwayoyin nan su ne irinta, suna iya shekaru cikin ƙasa suna jira.

Ɗaya daga kunyoyin na Jaki ne. Wannan ya sosa mini rai, don a faranti ya tare ta ita ma. Amma wata uku ke nan da shuka. Abin da aka shafa wa iri a Yuni yana can ƙasa tare da saiwa, ita kuwa wannan a saman ƙasa take cin abincinta, ƙarƙashin inuwar ganye.

Da na bincika, duk wuraren uku inda ƙanena ya tara ciyawar maimai ne ya jingina da gindin gyaɗa, ya ja ƙasa ya rufe. Ruɓaɓɓen ganye shi ne gadar da take hawa. Ban yi masa faɗa ba, ni ban gaya masa ba. Mun tuge masu ciwon da ƙasar gindinsu muka zuba a buhu muka ƙone a bakin hanya. Baba ya dube ni ya ce, "To, Jakin naka barci ya yi?" Na ce, "Baba, ba a nan aka ɗaure shi ba."

Manoman Indiya kan ƙara zuba garin a ƙasa, kilo 2.5 a hekta, gauraye da kilo 50 na ruɓaɓɓen taki. Wannan za a gwada baɗi, da Jaki, wajen kwana talatin bayan shuka.

12 ga Oktoba

Damina ta ɗauke, ƙasa ta fara tsagewa. Yanzu ne lokacin ɗan'uwan waccan baƙar fumfunar, Aspergillus flavus, mai kore-ɗorawa. Ita ba ta kashe gindi, guba take bari a ƙwaya. An gano ta ne a 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Gubar, afalatoksin, hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta. Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikurogiram 4 a kilo. Abin da suka ƙi kuwa shi ke komawa dakwa da mai da umbaz, wato tunkuzar shanunmu.

Ƙishirwa da zafin ƙasa a makonnin ƙarshe su ke buɗe mata ƙofa. Baba yana so a yanke ruwa yanzu a huta, na nace a ƙara sha ɗaya. Mun ja, daga baya ya yarda, ba don hujjata ba, don ya tuna shekarar da laka ta ƙame rabin gyaɗa ta tsinke a ƙasa.

Ɗan kawuna na Kano ya turo mini hoton Aflasafe ta WhatsApp, shuɗiyar dawa da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ƙirƙiro. Wancan ba bakteriya ba ce, fumfunar ce da kanta amma marar guba, ana watsa ta ta riga mai gubar cin wuri. Hanya daban, tunani ɗaya.

21 ga Nuwamba

An yanke intanet tun 25 ga Oktoba, sai cikin makon nan ya dawo, hanyar Madani ma ba kullum take biyuwa ba. Abin da ke ƙasa daga takardar aljihu na kwafo shi.

Mun cire gyaɗa 6 da 7 ga wata, bayan na ɓare ƙwanso na ga cikinsa ya yi duhu. Kowane fili daban, an kifa gindi sama 'ya'ya na kallon rana, ba a tara tsibi da laima ba. Bayan an tsige an shanya har ƙwaya na kaɗawa cikin ƙwanso, muka auna da sikelin mai shago.

Jerin bai canja daga na Yuli ba. Thiram da Jaki a gaba, tazararsu ba ta kai a yi musu a kanta ba, a jere ɗaya ma Jaki ne ya ɗara. Tsirara a baya a duka jere ukun. Amarya na tsakiya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abin da ya raba su yawan gindin da ya tsira a watan farko ne, don da na ƙirga 'ya'yan gindi ɗaya-ɗaya ban ga bambanci ba. Jere uku, gona ɗaya, damina ɗaya. Dakta ta ce in rubuta shi haka kada in ƙara gishiri. Ta tuna mini cewa a Amurka ma, inda aka sayar da Bacillus subtilis na shafa wa irin gyaɗa da auduga da sunan Kodiak, tare da maganin iri ake haɗa shi. Baɗi za a ƙara kashi na biyar: Jaki da rabin thiram.

10 ga Disamba

An raba amfani da mai hawasha. Samfurin kowane fili na cikin ambulan yana jiran gwajin guba, takardun gwajin ne ba su iso ba tukuna.

Aikin rani shi ne sanin tsawon ransu. Mun haɗa sabon gari ranar 1 ga wata, kowanne leda shida-shida a wuri uku: firjin Dakta, zir na gindin darbejiya, da ɗakin kwanon da ya kashe Amarya. Kowane farkon wata zan ɗauki leda ɗaya daga kowane wuri mu ƙirga masu rai, har zuwa Yuni. In Jaki ya kai shuka a ɗakin kwano, to manomin kambo zai iya ajiye shi ba wuta ba firji. Amarya kuma wannan ce damarta ta ƙarshe, in zir bai riƙe ta ba zan bar wa masu firji.

Daren jiya Kawu ya zo shan shayi, na ji Baba daga ɗaki yana ba shi labarin ƙuri'ar hula. Da safe ya tare ni a ƙofa ya tambaya ko garin da na haɗa zai isa faddan biyu. Na ce na gwaji ne, bai kai ba. Ya ce in nemo talk tun yanzu kafin ya ƙara tsada, ɗaya faddan na Kawu ne. Ƙirga ta farko ranar 2 ga Janairu.